Sabon Katin Mai Zane Ya Yi Ƙafa

Da ana ba da lambar yabo a kan surutu, da tuni bangon shagona ya cika. Ƙararrawa ake kirana a benen nan namu, ban kuma taɓa jin haushi ba. Amma ranar da aka ce mijina ɓarawo ne bakina ya mutu murus, na ɗan lokaci dai.

Ni ina fotokwafi a hawan ƙasa. Mijina yana gyaran kwamfuta a shagon da ke kallon nawa, ana ce masa Shiru, don sai ka jera masa tambayoyi kafin ka samu "uhm" ɗaya. A sama akwai Mai Zane, wadda ke haɗa katun na talla a kwamfuta. Ta daɗe tana fama da tsohon katin hoto, wato faifan nan mai fankoki da ake sokewa a cikin kwamfuta, shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Nata ya tsufa tukuf. In ta ba shi aiki sai ya kama gurnani, mu da ke ƙasa muna jin sa, ita kuma ta sauko mu sha shayi mu yi gulma, ta koma ta tarar bai kai rabi ba.

Da ta samu ta sayi sabo, bene kaf ya ɗauka. Jiya da yamma ta bar wa Shiru shagon ya saka mata, ta tafi ɗauko 'ya'yanta. Yau da safe ta gayyace mu kallo: za ta ba sabon katin aikin da tsohon ke shafe wuni yana yi, wani zakara mai rawa a kan keke, mu ga bambanci da idonmu.

Muka cika shagon. Ta danna. Kwamfuta ta ce "guuuu", irin gurnanin da muka sani tun fil'azal, zakara kuma ya fara fitowa layi-layi kamar ana saƙa shi.

"A'a!" in ji Mai Wasanni, mai ɗakin buga wasan kwamfuta da ke maƙwabtaka da ita. "Wannan ai muryar tsohon ce!"

Aka kwance murfi. Tsohon kati ne zaune daram a ciki. Aka sauko da kwalin sabon daga kan kanta, wayam. Mai Zane ta dafe kai ta zauna, ido ya ciko da ƙwalla, ga talla za ta miƙa a ƙarshen mako.

Mai Wasanni ya juya a hankali ya dubi mijina. "To, waye ya taɓa ta ƙarshe?"

"Na saka," in ji Shiru. Iya abin da ya faɗa ke nan, wallahi, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kaza a riga.

* * *

Kafin rana ta take, magana ta zagaye titin. Ina zaune ina kallo mutane suna shigowa shagon Shiru suna karɓe na'urorinsu, wasu ma a buɗe, hanji a waje. Wata da ya gyara wa kwamfuta kyauta bara ta rungumi tata ta wuce ko kallona ba ta yi ba. Kantarsa da ke cike ta zama fili. Sai ga saƙo cewa masu shaguna za su zauna da yamma, in kati bai fito ba Shiru ya ajiye makulli. Mai gyara kuwa ba shi da jarin da ya wuce yarda, in ta tafi sai ya nemi wata sana'ar.

"Kai, ba za ka buɗe baki ka kare kanka ba?" na ce masa.

"Na faɗa musu na saka."

"Sannu da ƙoƙari!"

Na ɗauki waya na kira kawuna. Bi-Waya ake ce masa, don ya yi ritaya ne daga aikin bin wayar tarho, yana lalubo inda ta tsinke a ƙarƙashin ƙasa. Tun daga nan duk abin da ya ɓace a unguwa shi ake nema, daga ɗan kunne har babur. Ya iso a kekensa yana fara'a kamar an kira shi walima, tocila a aljihu ɗaya, gyaɗa a ɗayan.

"Ƙararrawa, yau ke ce da fuska haka? Share hawayenki. Kati ba shi da fiffike, duk inda ya bi ya bar sawu."

* * *

A shagon Mai Zane ya fara. Ya hana kowa taɓa komai, ya durƙusa gaban kwamfutar yana shinshina kamar mage.

"'Yata, wa ke da makullin nan?"

"Ni, sai Maigadi, sai Babana," in ji ta. "Baba ne ke buɗe mini da sassafe ya kaɗe ƙura."

Mahaifin nata, Baba Rediyo, tsohon mai gyaran rediyo ne, shi ya fara buɗe shago a benen tun ba a haife mu ba. Yanzu yana da ɗan lungu a ƙarƙashin matakala inda yake tinƙaho da tsofaffin kayansa. Kunnensa ya yi nauyi, don haka in zai gane lafiyar na'ura sai ya ɗora mata tafin hannu ya lumshe ido. Kullum sai ya yi wa injin fotokwafina haka, ya ce, "Lafiyarta ƙalau, ba ta kai ki surutu ba." Ba wanda ya kawo shi a rai. Wa zai ce uba ya saci kayan 'yarsa?

Kawu ya sa Shiru ya zaro tsohon katin, ya ɗaga shi sama yana juyawa.

"Surukina, jiya da ka cire shi, ya kamanninsa?"

"Ƙura dam."

"A ina ka ajiye shi?"

"Cikin kwalin sabon. Haka muke yi."

"To duba yanzu." Katin tas yake, fankarsa har ƙyalli take yi. Kawu ya lakato da yatsa ya kai hanci. "Man keken ɗinki. Ikon Allah! Ɓarawo ya zo sata, ya tsaya ya yi wa wanda zai bari wanka ya shafa masa mai. Irin wannan ɓarawo ni ma ina so ya ziyarce ni."

Ya kwantar da murfin kwamfutar a tebur, ya haska tocila ta gefe, ya daɗe yana kallo. Na leƙa, ya kashe tocilar ya watsa gyaɗa a baki.

"Me ka gani, Kawu?"

"In na faɗa miki, kafin na sauka ƙasa har mai facin tsallaken titi ya ji."

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa.

* * *

Muka shiga wurin Mai Wasanni. Ni dai a raina na riga na yanke masa hukunci, don tun da aka kawo katin yake lasar baki, kuma duk wanda ya riga kowa nuna yatsa ban yarda da shi ba.

"Bincika duk inda ka so," ya ce yana hura hanci. "Ni nawa katunan tsofaffi ne, amma ba su taɓa kunyata ni ba."

Kawu ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, ɗakin ya ɗau zafi da ƙugi kamar gidan burodi. Ya duba ƙaramin akwatin da ke ba kowace wuta, ya yi dariya.

"Ƙararrawa, cire shi daga ranki. Sabon katin nan maci wuta ne, ko an ba wannan bawan Allah kyauta akwatunansa ba za su iya ciyar da shi ba. Tsawonsa ma ba zai shiga cikinsu ba sai an fasa."

Mai Wasanni ya rasa murna zai yi ko fushi. An wanke shi, amma an tona asirin kayansa a gaban masu wasa.

Maigadi kuma rantsuwa ya kama yi tun kafin a tambaye shi. Ya ce Shiru ya miƙa masa makulli jiya hannu rabbana, ba jaka ba leda, kuma daga safe zuwa yanzu ba wanda ya fita ƙofa da abin da ya fi waya girma sai masu kwashe na'urorinsu.

"Madalla," in ji Kawu. "Ke nan kati yana cikin benen nan, yana jin mu."

Sai muka bi sawun man keken. Keken ɗinki ɗaya ne a benen, na Tela. Ban so haka ba, don Tela mutumin kirki ne, shi ya ɗinka mini labule. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya tuntsire da dariya har allura ta faɗo daga bakinsa.

"Ni da ko kunna kwamfuta ban iya ba? Kwalbar man nan kuwa ta zama ta gayya. Mai kwaɗo ya ara, mai fanka ya ara, ke ma Ƙararrawa kin ara ba ki dawo da murfin ba."

Na ce ba wannan ya kawo mu ba. Muka fito ba mu ƙaru da komai ba, ni hankalina a tashe, Kawu yana ta fito da baki.

A gindin matakala muka ga ƙofar Baba Rediyo a rufe, abin da ban taɓa gani da rana ba. Kawu ya ƙwanƙwasa da ƙarfi. Baba ya leƙo da kai kawai, zufa a goshi, fara'ar nan tasa babu.

"Yaya, barka da aiki," in ji Kawu, ya miƙa masa hannu. Suka gaisa, Kawu ya riƙe hannun ya ɗan daɗe yana jijjigawa. "Za ka zo zaman yamma?"

"Ku bi a hankali da yaron nan Shiru," in ji Baba. "Ku ba shi zuwa gobe. Ƙila kati ya dawo." Ya ja ƙofa ya rufe.

Na ce, "Allah sarki Baba, shi kaɗai ke tausayin mijina."

Kawu ya shinshina tafin hannunsa.

* * *

Da yamma aka taru a shagon Mai Zane, kowa da kujerarsa. Shiru ya ajiye makullinsa a kan tebur tun ba a nema ba, na ji kamar in make shi. Baba Rediyo ya shigo ƙarshe ya rakuɓe a bakin ƙofa. Kawu ya jawo shi ya zaunar kusa da mijina, ta gefen kunnensa mai ɗan ji.

"Jama'a," in ji Kawu, "kafin a kori mutum, ni jahili ne, ina so a ilmantar da ni. Surukina, meye bambancin tsohon kati da sabon? Kuma don Allah ka ɗaga murya, yau ɗaya dai."

Mai Wasanni ya yi tsaki. "Darasi muka zo ɗauka?"

Amma a kan aikinsa Shiru yana da baki, nan kaɗai. Ya gyara zama. Ya ce tsohon yana zana hoto ne kamar mutum ɗaya da buroshi, sabon kuma kamar an tara masu fenti cike da fili. Ya ce inuwa da hasken da tsohon ke yin wuni yana lissafawa, sabon kafin ka kurɓi shayi ya gama, ga wurin ajiya mai yawa, ba ya shaƙewa in zanen ya yi nauyi.

"To ƙara fa?" in ji Kawu.

"Tsohon da an kunna fankarsa ke juyawa, da aiki da babu. Sabon ba haka ba ne. In ba aiki mai nauyi, fankokinsa tsayawa suke cik. Sai ya ɗau zafi suke tashi da kansu."

Baba Rediyo ya miƙe zumbur, kujera ta kife. "Me ka ce? Maimaita!"

"Tsayawa suke, Baba. Haka aka ƙera shi."

"Da gangan? Fanka ta tsaya da gangan?" Ya dafa bango. "Innalillahi! Ashe ban kashe shi ba!"

Kawu ya ɗauko murfin kwamfutar, ya haska tocila ta gefe yadda kowa zai gani. Ga shatin tafin hannu ɓaro-ɓaro da maiƙo, yatsu a baje, a tsakiyar murfin.

"Mai sata da bakin yatsu yake kama murfi, yana sauri," in ji Kawu. "Wannan kuwa ya mayar da tsohon kati, ya rufe, ya kunna, sannan ya ɗora hannu ya tsaya ya ji ko yana numfashi. Mutum ɗaya ne a benen nan ke sauraren na'ura da tafin hannu, kuma ɗazu na gaisa da shi, har yanzu hannuna ƙanshin man keke yake."

Mai Zane ta taso. "Baba? Kai ne?"

Tsohon ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce da safe ya hure ƙura da bulowa, ɗan injin hura iska, kamar kullum, ya kunna kwamfutar, ya ɗora hannu, bai ji gurnanin da ya saba ba. Ya buɗe ya ga fankoki a tsaye ƙyam. A iya saninsa, in fanka ta tsaya ƙonewa ce ke biyo baya, sai ya fizge wuta. Ya ɗauka iskar bulowarsa ce ta lalata su. Don kada aikinta ya tsaya ya wanke tsohon ya mayar, ya sauka da sabon lungunsa da niyyar gyarawa kafin ta farga.

"Na ga irin wahalar da kika sha kafin ki same shi," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Da wane bakin zan ce miki ni na kashe shi? Na sa wa fankokin batir, suka juya lafiya lau, sai na ce to ciwon a ciki yake."

Shiru ya zaro ido. "Baba, ka sa masa ƙarfen narka dalma?"

"Na jona shi ke nan yana ɗaukar zafi aka ce a zo taro."

Ban taɓa ganin mijina yana gudu ba sai ranar. Ya dira matakala kamar ɗan wasan tsere, ya dawo da kati naɗe cikin tawul ɗin Baba, yana rungume da shi kamar jinjiri. Ya duba gaba, ya duba baya, ya sauke ajiyar zuciya.

"Bai taɓa shi ba."

Shagon ya kaure da sowa. Ni kam bakina ya dawo da ƙarfinsa, na tsaya gaban Mai Wasanni na ce ya maimaita tambayarsa ta safe in ji. Ya ce shi dama bai ambaci suna ba. Na ce idonka ya ambata, har da na kakansa.

* * *

A nan take aka yi kallon da aka fasa da safe. Aka mayar da tsohon kati aka fara da shi, don kowa ya shaida. Ya yi gurnaninsa, ya fitar da tukun zakara da ƙyar, Tela ya ce a tausaya wa dattijo a sallame shi. Shiru ya cire shi ya soke sabon, ya bar murfin a buɗe, ya kunna. Allo ya kawo, fankoki ko motsi.

Baba ya matso yana hura musu iska da baki. "Ku tabbata fa! Ni raina bai kwanta ba."

"Ɗora hannunka a nan, Baba," in ji Shiru, ya kama hannun tsohon ya aza a saman kwamfutar. Mai Zane ta danna.

Zakara ya faɗo allo gaba ɗayansa, da keken da inuwar da ƙyallin gashin wuya, ya kama taka rawa. Tela bai ma gama zuba shayi ba. Can sai fankoki suka motsa a hankali, suka ɗau juyi sumul. Baba ya lumshe ido, fuskarsa ta washe.

"Ga shi nan! Ya farka! Kai, wannan yaro akwai ladabi, ba ya magana sai da dalili."

"Kamar wani da na sani," in ji Kawu yana kallon mijina. "Tsohon katin kuma kamar matarsa."

Aka fashe da dariya, har da ni, amma na rubuta masa ita a zuciya.

Mai Zane ta ɗauki makullin da ke kan tebur da hannu biyu ta miƙa wa Shiru tana ba shi haƙuri. Baba ya tare ta.

"Dakata, 'yata. Laifin da ya fi girma nawa ne. Ina lungu ina jin ana yaga sunan yaron nan, kunya ta hana ni fitowa. Haƙurin baki ba zai wadatar ba." Ya juya wurin Maigadi. "Kawo mini baro."

Muka ɗauka wasa yake. Tsohon nan ya tura baro ya fita titi, ni a gabansa ina nuna ƙofofi, don duk wanda ya kwashi na'urarsa da safe na haddace fuskarsa. Duk inda muka tsaya sai ya cire hula ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Ni ne ɓarawon, ba Shiru ba! Kawo kwamfutar a mayar masa!" Yara suka biyo mu suna tafi. Matar nan da ta wuce ni da safe ta miƙo tata tana sunne kai, na gaishe ta gaisuwa mai tsawo, har na tambayi lafiyar kajinta.

Kafin a rufe shaguna kantar mijina ta cika, har da wasu na'urorin da ba daga wurinsa aka ɗauke su ba. Kawu ya ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke, na tambaye shi ladansa. Ya ce in mayar wa Tela murfin kwalbarsa.

Baba Rediyo ne ya sauke ta ƙarshe daga baro, yana haki. Ya tsaya gaban Shiru. Sai ya ɗaga hannun nan nasa mai maiƙo ya ɗora a ƙirjin mijina, ya lumshe ido, ya daɗe.

"Ka yafe mini?" ya ce.

Shiru ya dafa hannun da nasa, ya sunkuya daidai kunnen tsohon, ya ɗaga murya yadda har mai faci a tsallaken titi sai da ya waiwayo.

"Na yafe, Baba! Gobe ma ka zo ka kaɗe mini ƙura!"